Baƙin Fenti a Ƙafar Gada

A unguwar hayin rafi akwai wani tsohon injiniya da kowa ke kira Baba Wataƙila. Sunan ya manne masa tun yana saurayi a ofishin ayyuka, har ta kai in ka tambayi yaran unguwa ainihin sunansa sai su tsaya suna kallonka kamar ka yi musu wani yare. Dalili kuwa, bawan Allahn nan bai iya cewa "e" ta fito a miƙe ba. Tambaye shi ko za a yi ruwa yau, sai ya ɗaga kai ya ƙare wa sama kallo, ya ce, "In gari ya yi irin wannan fuskar, sau bakwai cikin goma ana yi." Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha ba da labari tana dariya har da share hawaye, wai suna sabon aure ta tambaye shi ko girki ya yi, ya tauna lomarsa a natse ya ce tara cikin goma. Ita kuwa ta janye kwanon, ta ce to ya tashi ya je ya nemo cikon ɗayan a gidan da aka fi ta iyawa.

Ba rowar magana ba ce, ba kuma tsoro ba. Shi dai a wurinsa, injiniya mutum ne da ake sa shi yanke hukunci a kan abin da ba ya gani. Ba ya ganin cikin kankare, ba ya ganin ruwan da zai sauko baɗi, ba ya ganin kayan da mutane za su ɗora wa abin da ya gina. To tunda ba zai taɓa sani tabbas ba, gara ya auna rashin sanin nasa ya faɗe shi da lamba, yadda ake auna yashi da siminti.

Abu ɗaya ne a duniya ba ya yi wa wannan lissafin, ita ce gadar ƙafa da ta haɗa unguwarsu da kasuwa. Ita ce aikin farko da ya sa wa hannu. Kafin ita, in damina ta yi nisa sai mutum ya zagaya ta babbar gadar mota, tafiyar da ke cinye hantsi guda. Yana iya tuna ranar zuba kankaren ƙafafunta kamar jiya: maza a jere da kwanon sarki a ka, ƙura ta mayar da kowa tsoho, shi kuma yana ta kai-kawo da takalmin roba da ya fi ƙafarsa. Ranar da aka cire katakai aka ce a hau, jama'a suka yi cirko-cirko a baki, kowa na jiran wani ya fara. Matarsa ce ta gyara goyon ɗansu na fari, ta ratsa su ta hau abinta, ko waiwayowa ba ta yi ba ta tambaye shi nawa cikin goma. Tun daga ranar har ya tsufa, kullum safe sai ya haye gadar nan ya dawo, ko ba shi da abin saye, yana shafa ƙarfen gefe da hannayen mutane suka goge har yana sheƙi.

To wancan goyon da aka haye da shi, shi ne ya girma ya haifi 'yar da ta gaji kakanta. Ita ma injiniya ce, a ofishin nan dai da ya bari. Ran nan da hantsi sai ga ta da jakar kwamfuta a kafaɗa.

"Salamu alaikum. Ina angon nawa? Ko an yi wata ban sani ba?"

"Wa zai kwashe ni da wannan gwiwar? Shigo, Amarya. Yau kuma da akwatin tsafin aka zo?"

Ta zauna a kujerar da ke gefen tagar, ta gaishe shi, ta tambayi gwiwa. Ya zuba mata shayi. Da ya ga shayi yana hucewa ba ta taɓa ba, ita da ke shanye nata ta hari nasa, sai ya san da magana.

"Faɗi mana. Fuskarki ta riga bakinki."

"Kaka, ka san ɗan jirgin nan maras matuƙi da ofis ya kawo. Mun bi gadojin gari da shi kaf, yana ɗaukar hoton ƙarƙashinsu. Ita kuma kwamfuta an nuna mata hotunan tsagewar kankare dubbai, daga gadoji iri-iri, har ta gane kamanninsu: wadda ta yi faɗi, wadda ta yi rassa, wadda ke nuna rodi ya ci tsatsa a ciki. In ta duba gada ba ta cewa lafiya ko ba lafiya. Lamba take bayarwa."

"Ashe 'yar gida ce," in ji tsoho. "Ta sami tarbiyya. To nawa ta ba tawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Bakwai cikin goma, cewa ƙafafun sun lalace daga ciki. Ka kuma san dokar ofis, duk wadda ta haura rabi rufe ta za a yi a rushe. Ni zan sa hannu a rahoton kafin mako ya ƙare. Shi ne na ce gara ka ji daga bakina, kada ka ji a titi."

Baba Wataƙila ya ajiye kofin shayinsa. Abin haushi, ba shi da bakin musu, don shi ya koya mata wannan yaren. Tana 'yar mitsitsiya yakan tara murafen kwalba, ja da fari, ya zuba a tsohuwar safa, ya ce ta sa hannu ta ciro ba tare da ta leƙa ba, ta faɗi waɗanda suka fi yawa a ciki. In ta ciro ja ta daka tsalle ta ce jajaye ne, sai ya ce, "Guda ɗaya kika gani, Amarya. Matsa kaɗan dai, kada ki yi tsalle. Sake ciro wani." Kakarta na daga kicin tana faɗa, wai zai mayar mata da jika 'yar caca. Ga shi yau safar ta dawo masa a cikin akwatin ƙarfe.

"Nuna mini," ya ce.

Ta buɗe kwamfuta ta juyo masa da ita. Ya goge tabarau da gefen riga, ya kafa. Ga ƙafar gada nan, ga wasu baƙaƙen layuka a jikinta sun karkace kamar jijiyar bayan hannu, kwamfuta ta zagaye kowanne da ja. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Jikar ta tsorata ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta shaƙe shi.

"Wayyo cikina! Amarya, wannan ai hannun Dogo ne!"

Ga yadda abin yake. A zamaninsu, duk bayan damina in ruwa ya janye, sukan sauka ƙarƙashin gada su bi ƙafafun da ido. Kankare kuwa komai kyansa sai ya yi 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi, yawancinsu ba komai ba ne, bushewar farko ce. Matsalar ita ce in ka ga ɗaya bana, baɗi sai ka neme ta ka rasa. Shi ne Dogo, shugaban ma'aikatansa, ya ɓullo da dabara. Ya sami siririn buroshi da baƙin fenti, ya riƙa jan layi a gefen kowace tsaga, yana bin ta duk inda ta karkata. In ya kai inda ta ƙare sai ya gitta ɗan gajeren layi a bakinta, ya ce ya taka mata birki. Baɗi in aka dawo aka tarar tana nan bayan birkinta, matacciya ce, a ƙyale ta. In ta tsallake, tana da rai, sai an tashi tsaye. Ba a littafi suka karanto ba, ba kuma wani ofishi da ke yin haka. Su ne dai da gadarsu da 'yan kwalbatocinsu. Da suka yi ritaya aka sauya tsarin aiki, sai dabarar ta bi su gida.

Tsoho ya zayyana wa jikarsa labarin buroshi da fenti yana yi yana tafa hannu, amma zancen birki bai ko zo masa a baki ba, don murna ta sha kansa.

"Kenan fenti take ƙirgawa a matsayin tsaga?"

"Ba laifinta ba ne, baiwar Allah. Duk gadojin da aka nuna mata babu wadda Dogo ya taɓa. Baƙin layi siriri ta gani ya karkace, me kike so ta ce?"

"Sai na gani da idona, Kaka."

"Da kin ce kin yarda haka nan, da na sake ki yau ɗin nan. Ɗauko makullin mota."

Suka biya suka ɗauki Dogo. Yanzu sunan ne kawai ya rage, don tsufa ya lanƙwasa shi har jikar ta fi shi tsawo. Kullum yana zaune a benci ƙofar shagon ɗansa mai sayar da ƙusa da fenti, da sandarsa da gorar ruwansa ta roba, kunne ɗaya ya yi nauyi.

"Wataƙila! Kana raye?"

"Tara cikin goma."

"Ɗayan ai tun bara ya tafi. Wannan ba 'yar da ke ɓoye mana tef ɗin awo ba ce? Ke ce kika girma haka?"

"Ni ce, Baba Dogo. Ina wuni?"

Da aka yi masa bayani a kunnen da ke ji, maimakon ya yi dariya sai ransa ya ɓaci. "Layina ne ya yi kama da tsaga? Ni? Hannuna bai taɓa rawa ba!"

"Ai tsagar kake bi, dole ya karkace."

"To ka gaya wa na'urar haka. Maras kunya."

Rani ne, rafi ya koma ɗan zirin ruwa a tsakiyar yashi. Suka sauka ta gangaren da masu wanki ke bi, jikar na riƙe da hannun wannan, wannan na riƙe da rigar wancan, kowane tsoho na cewa ɗan'uwansa ne ke jan shi ƙasa. Ƙarƙashin gada akwai sanyi da warin laka. Daga sama kana jin takun mutane, dim dim, da ƙarar keke jefi-jefi. Baba Wataƙila ya tsaya ya shaƙi iskar wurin. Rabonsa da nan tun gwiwa na gwiwa. Ga ƙusar da suke rataya riguna tana nan a jikin kankare, ta yi tsatsa ta lanƙwashe. Ga dutsen da suke zama su ci abincin rana, inda Dogo ke rantsuwa duk shekara cewa daga bana ya bar aikin gwamnati.

Jikar ta nufi ƙafar farko, ta sa farce ta kankari baƙin layin. Ɓawon fenti ya ɓantaro ya manne mata a yatsa. Ta dube shi, ta dubi tsofaffin, sai ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya.

"Innalillahi! Na kusa rushe gada a kan zanen Baba Dogo."

"Zane? Aiki dai," in ji Dogo.

Ta zauna a kan dutsen nan ta ɗora kwamfuta a cinya, ta riƙa bin hotunan ɗaya bayan ɗaya tana nuna mata cewa wannan fenti ne, wannan ma fenti ne. Tsofaffi suka tsaya a kanta kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da ta gama ta danna, ta ɗan jira, sai ta ɗago.

"Ɗaya cikin goma. Bai ma cika ba. Wannan ai sa ido ne kawai da 'yan gyare-gyare."

Dogo ya ɗaga sanda sama ya yi wata 'yar rawa da ba ta wuce kafaɗa ba. Baba Wataƙila kuwa sai ya dafa ƙafar gadar yana ɗan bubbuga ta da tafin hannu, yadda ake yi wa yaron da ya tashi daga zazzaɓi.

Da a nan suka juya gida, da shi ke nan. Amma Dogo mutum ne da ba ya barin a ce aikinsa zane ne.

"Zo nan, 'yata, in nuna miki ta gaskiyar, ki san ba don ado na ja layi ba. Na'urarki ba za ta gan ta ba, ƙura ta toshe ta." Ya buɗe gorarsa ya watsa ruwa a jikin kankare, gefen wani layi. "Jira ya fara shanyewa. Kankare zai yi fari, ita kuma tsagar za ta riƙe ruwa ta yi duhu."

Ana cikin jira wayarta ta yi ƙara. "Oga ne," ta ce. "Bari in hau sama kaɗan, nan ba a ji." Ta bi gangare ta bar su.

Ruwa ya fara janyewa daga gefe-gefe. A hankali tsagar ta fito, siririya kamar zaren gizo-gizo, tana tafe kafaɗa da kafaɗa da layin Dogo. Baba Wataƙila ya bi ta da ido yana murmushi, har ta kai ɗan gajeren layin da aka gitta mata. Ba ta tsaya ba. Ta ratsa birkin ta wuce, ta yi sama fiye da tsawon tafin hannu, ta kuma yi reshe.

Murmushi ya bushe a fuskarsa. Ya waiga, ya ga Dogo ma wurin yake kallo.

Guda ɗaya ce, ya ce a ransa. A da can da ƙyar ake samun wadda ta tsallake, amma ai an daɗe ba a duba ba, ɗaya na iya yin halinta ita kaɗai. Ba a yanke wa gada hukunci da tsaga guda.

"Zuba a wata."

"Ruwan shana ne."

"Dogo, zuba."

Don kada zuciyarsa ta zaɓar masa wadda take so, sai ya je ƙafa ta biyu ya rufe ido, ya bi kankare da hannu, inda hannun ya tsaya ya ce nan. Dogo ya watsa. Suka jira, ba mai kallon wani. Ita ma ta tsallake. Suka koma ƙafar da ke kusa da ruwa, ya sake rufe ido. Wannan ba tsallakewa kawai ta yi ba, a ƙarshenta akwai wani ɗan jan tabo kamar an ɗiga shayi a farar riga. Duk wanda ya yi aikin kankare ya san wannan tabon. Rodi ne ke tsatsa a ciki, yana kumbura, yana tura kankaren waje.

Dogo ya rufe gorarsa a hankali. Ya matso, ya rage murya, irin rage muryar mai nauyin kunne da ake ji daga nesa.

"Wataƙila, saurara. Mu biyu muka rage a duniya da muka san ma'anar ɗan gicciyen nan. Yarinya ta sami lambarta, ofis zai sami takardarsa. Ruwa kuma yanzu zai bushe. Ba ƙarya na ce ka yi ba. Shiru kawai."

"Shiru," Baba Wataƙila ya maimaita.

"Shekara nawa tana tsaye? Ambaliya nawa ta gani? Wallahi sai ta binne mu."

 Baba Wataƙila ya dubi ƙafar farko, tsagar ta riga ta ɓace, kankare ya koma fari fes kamar ba a taɓa zuba masa komai ba. A sama an taso 'yan makaranta, takunsu na sauka a kan gadar kamar ruwan sama a kwano, suna ihu suna tsere.

Jikar ta gangaro fuskarta a washe. "Na gaya wa oga an sami kuskure, gadar angona ta tsira. Har ya ce in gaishe da mai fenti." Ta zura kwamfuta a jaka, ta rataya. "Mu je ko? Rana ta yi."

"Mu je," in ji Dogo da sauri.

Suka kama hanya. Tsoho na biye da su, ƙafarsa na nitsewa a yashi. Ya ga ranar da za a zo da katafila, ya ga gibin da zai rage tsakanin unguwa da kasuwa, ya ga kansa da safe ba inda za shi. Duk ya gani, kuma ba wanda zai tilasta masa ya buɗe baki. Har sun kai gindin gangare ya tsaya.

"Amarya."

"Na'am, Kaka?"

"Akwai sauran ruwa a motarki?"

Dogo ya buga sanda a yashi ya juya musu baya.

Da ta kawo ruwan, shi da kansa ya watsa. Ya nuna mata gicciyen, ya gaya mata sunansa da abin da ake nufi da shi, muryarsa a daidaice kamar yana koyar da sabon ma'aikaci. Ta tsuguna tana kallo har tsagar ta fito ta ratsa birki.  Ta karɓi gorar ta bi ƙafafun da kanta, tana watsawa, tana jira, tana ɗaukar hoto, tana auna abin da ya wuce gicciye da ɗan tef ɗinta. Kaɗan ne ta tarar suna nan inda aka bar su. Da ruwa ya ƙare ta dawo ta zauna a kan dutse, ta daɗe tana danne-danne.

"Kwamfuta hoton yau kawai take gani," ta ce a hankali. "Ba ta san jiya ba. Ku kuwa kun bar mana jiya a jikin kankare. Tsaga siririya ba ta tayar da hankali, amma siririyar da ke tafiya, kusan dukkansu kuma suna tafiya, ga tsatsa..." Ta ɗago ta dube shi. "Za mu huda mu ɗebi samfuri a gwada, amma ko yanzu ya wuce bakwai ɗin farko, Kaka. Ya kai takwas."

Dogo ya juyo. "Tsaya, tsaya. Kenan da kuskuren da gaskiyar duk gida ɗaya suka kai mu? To don me na sha wahalar saukowa da wannan ƙugun?"

"Da a kan zanenka za a rushe ta," in ji Baba Wataƙila. "Yanzu a kan ciwonta ne. Da bambanci."

"Bambancin banza. Kuma takwas cikin goma ai saura biyu! Kai da bakinka kake cewa ba a sanin cikin kankare. In tana cikin biyun nan fa? Ka rushe lafiyayyar gada!"

"Zai iya yiwuwa. Ba kuma za mu taɓa sani ba." Ya zauna a gefen jikarsa, gwiwa na ƙara. "Kuskure iri biyu ne a gabanmu, Dogo, dole mu yarda da yiwuwar ɗaya. In muka rufe ta alhali lafiyarta ƙalau, mutane za su zagaya suna zaginmu, su isa kasuwa a gajiye. In muka bar ta alhali ta ruɓe, ba gobe za ta faɗi ba, ƙila ba baɗi ba. Amma ranar da za ta faɗi, ba ita kaɗai za ta faɗi ba, da mutane a kanta. Wanne za ka iya ɗauka?"

 Dogo ya ɗaga kai ya dubi cikin gadar, inda har yanzu ake ganin shatin katakan da shi da kansa ya jera aka zuba kankare a kai.

"Da na sani da na shanye ruwana tun a shago," ya ce. Sai ya sa gefen hula ya goge ido, wai ƙura ce.

Jikar ta dafa hannun kakanta. "Kaka, in ka ga ba zan iya sa hannu ba, sai in ba wani."

"Wa? Wanda bai taɓa hawanta ba? Ke za ki sa. Ki rubuta yadda yake, takwas cikin goma, kada ki ƙara kada ki rage don ni. Ki kuma rubuta cewa duk gadar da aka ga baƙin layi a ƙafarta a zo a tambaya kafin a yarda da na'ura. Akwai wasu ƙananan kwalbatoci da wannan maras jin maganar ya yi wa zane."

"Aiki dai," in ji Dogo.

Hawan gangare ya fi sauka wuya. Da suka fito bakin gada rana ta take, jama'a na ta wucewa, mai kaya a ka, mai jan yaro, mai keke yana danna ƙararrawa. Ba wanda ya san abin da aka gani a ƙarƙashin ƙafafunsu. Jikar ta koma gefe tana sake kiran oga, tana neman a kawo shinge a fara hana masu kaya masu nauyi kafin takarda ta fito.

Ana haka sai ga wani ƙaton mutum ya turo amalanke shaƙe da bulo, gumi na tsiyaya daga haɓarsa, ya saita bakin gada yana "Hanya! Hanya!" Kafin kowa ya ankara Baba Wataƙila ya shiga gabansa ya ɗaga hannu.

"Malam, yi haƙuri. Zagaya ta babbar gada."

Mutumin ya ja amalanke da ƙyar ya tsayar. "Haba Baba! Kullum ta nan nake bi. Wa ya hana?"

"Ba a hana ba tukuna."

"To fa? Ka san nisan babbar gada kuwa, da wannan kayan?"

"Na sani. Na san shi tun kafin a haife ka. Ni na gina wannan, ni kuma nake roƙonka. Ƙafafunta ba su da lafiya."

Mai amalanke ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi yashin da ya ɓata masa wando har gwiwa, ya dubi gadar. Ya yi tsaki, ya yi gunaguni a kan tsofaffin da ba sa zama a gida, amma ya fara ja da baya. Bakin gadar ƙunci gare shi, juya amalanke mai kaya a wurin ba wasa ba ne, tayar baya ta faɗa wani ɗan rami ta ƙi fita. Baba Wataƙila ya ajiye tabarau a aljihu, ya kafa hannu biyu a jikin katakon amalanke ya fara turawa.

"Kai, mahaukacin tsoho, gwiwarka!" Dogo ya daka masa tsawa daga baya. Da ya ga ba a saurare shi ba, sai ya miƙa wa wata mai wucewa sandarsa ya ce ta riƙe masa, ya zo ya sa kafaɗa a ɗaya gefen.

"In na ce uku a tura tare," in ji shi. "Ba irin turin ofis ba."